Gwangwanin Madarar Masu Feshi

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta ba. A ƙofar masallaci, a majalisarmu ta bakin tasha, har a layin shan mai, duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Duba-gari, an je ƙasar waje! Ina tsaraba? Yaya garin?" Wasu zolaya suke yi, don sun san daga Daura zuwa can ko rabin tafiyar Kaduna bai kai ba. Wasu kuwa da gaske suke son ji. Na gaji da cewa lafiya lau, domin ba lafiya lau ba ce. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ni ne shugaban duba-gari a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin masarautarmu. Ba zan faɗi wacce ba, ina da iyali. Masu shara da masu yashe kwata da masu feshin maganin ƙwari duk a hannuna suke. Shekarun baya aka ƙara mini wani muƙami, wai jami'in kula da lafiyar ma'aikata a bakin aiki. Muƙamin ya zo da allo mai kyau da aka manna a ƙofar ofishina. Bai zo da ko safar hannu ɗaya ba.

Abin da muke da shi madara ne. Duk ranar feshi, idan mai feshi ya fito daga sito ko masai ko rumfunan kasuwa, sai a miƙa masa gwangwani ɗaya na madarar ruwa, ya huda da ƙusa ya shanye, wai tana wanke gubar da ya shaƙa. Haka na tarar ana yi. Na sha faɗa a taro cewa madara ba magani ba ce, a sayo abin rufe hanci na gaske. Amsar kullum ɗaya ce: "Malam, boko ya yi maka yawa. Tun zamanin En'e haka ake yi, wa ka ga ya faɗi?"

Wanda ya faɗi shi ne Mati. Tun yana saurayi yake goyon famfon feshi, dogon mutum mai barkwanci, wanda idan ya shigo sakatariya sai kowa ya san ya shigo. A bara tari ya kama shi ya ƙi saki. Ya kai ga ba ya iya hawa matakalar ofishinmu sai ya tsaya ya dafa bango. Da ya kasa, aka taimaka wa gidansu irin taimakon da muka iya, aka ɗora wa ƙanensa Ilu famfon. Ilu magidanci ne, ga 'ya'yansa ga na Mati, duk tukunya ɗaya. Kaka ta yi, ana shirin cika babban siton hukuma da gero da wake na rabon azumi, kuma kafin a zuba hatsi sai an feshe siton. Sito ne marar taga, ƙofa ɗaya tak. Ilu ne zai shiga.

Ana cikin haka aka gayyace mu wani taro a Damagaram na ƙananan hukumomin bakin iyaka, kan kare lafiyar leburori. Aka ce ni zan je da Kansilan Lafiya, Alhaji Badamasi, da direbanmu Ɗan'asabe. Ana gobe tafiya sai ga Mati a ƙofar gidana, ya zauna a dakali yana haki.

"Malam, an ce akwai mai duba ƙirji a can," in ji shi. "Ku sa ni ko a but ne."

Da na kai wa Kansila maganar sai ya ɓata rai. "Tawagar gwamnati ce fa, ba motar asibiti ba."

Na ce, "Honarabul, babban mutum kamarka zai shiga ƙasar mutane ba mai riƙe masa jaka?"

Ya auna, ya ce to, amma Mati ya zauna can baya.

Can bayan kuwa, a tsohuwar fijon hukuma, nan Ɗan'asabe ya jera jarkokin fetur, don a cewarsa man can ya fi tsada. Mati ya zauna a tsakiyarsu. Ba mu kai Mai'aduwa ba warin ya cika motar, Mati ya kama tari har hawaye. Na ce a sauke gilashi, Kansila ya ce iska za ta ɓata masa karin hula. Muka sasanta aka sauke na baya. Ku tuna fa, taron kare lafiyar ma'aikata za mu.

A Kongolam muka canza kuɗi, muka tsallaka. Jandarman da ya tare mu a ɗaya ɓangaren siririn mutum ne, ba ya murmushi kuma ba ya neman komai, abin da ya fi ɗaure wa Ɗan'asabe kai ke nan. Ya leƙo ta taga ya dubi Kansila ya ce, "Sannu, Mushe."

Kansila ya juyo gare ni fuska a murtuke. "Me ya ce da ni?"

Na ce masa a can haka ake girmama mutum, kamar mu ce yallaɓai, daga Faransanci suka aro.

"Yallaɓai ne mushe? Ni da raina da lafiyata?"

Mati daga baya ya yi dariya har tarin ya sake taso masa. "Honarabul, ka bar mini sunan, ni na fi kusa da shi."

Ba wanda ya taya shi dariyar.

Jandarman ya nemi abin kashe gobara. Ɗan'asabe ya zaro jar tukunyar daga ƙarƙashin kujera yana alfahari. Mutumin ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya girgiza, ya matsa. Ko iska ba ta fito ba. Ya dubi tukunyar, ya dubi jarkokin fetur, ya dubi mutumin da ke zaune a tsakiyarsu, sannan ya tambaye mu inda za mu. Da na faɗa masa sunan taron sai ya ɗan jima yana kallona. A aikina na sha zagi, mahauta sun taɓa bi na da wuƙa a kasuwa, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan kallon ba. Bai bar mu mun wuce ba sai da Ɗan'asabe ya hau ɗan acaɓa ya koma ya samo mai aiki, aka kuma ɗaure jarkokin a saman mota. Kafin ya dawo, jandarman ya ɗauko kujerarsa ta roba ya ajiye wa Mati a inuwa. Kansila yana ta mitar cewa mutanen nan ba su san girman mutane ba.

Daga nan hanya ta miƙe, Matamaye, Kance, Takeita. Ba wani abin kallo da ya bambanta da namu, gonakin gero ne da aka girbe da amalanken shanu. Fuskokin ma namu ne, rabin mutanen Matamaye suna da dangi a Daura. A nan muka tsaya cin abinci, na fara cin karo da burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi. Mai shayin ya tsaga shi ya cusa tsire da albasa a ciki. Ɗan'asabe ya ce wannan ba burodi ba ne, hukunci ne. Ni dai ya yi mini daɗi. Mati ya jiƙa nasa a shayi, ya ce wa mai shayin ya ƙara madara, don jikinsa ya saba da ita.

Masaukin da aka ba mu a Damagaram ɗaki biyu ne. Kansila ya ɗauki mai na'urar sanyi, ni da Mati muka ɗauki mai fanka, Ɗan'asabe ya ce shi a mota zai kwana don kada a sace masa sabuwar tukunyar gobara. Zaman ɗaki ɗaya ne ya nuna mini abin da ban sani ba. Mati ba ya iya kwanciya miƙe, sai ya jingina da bango. Sallar asuba a zaune ya yi ta. Da ya idar ya ga ina kallonsa, sai ya ce kada in faɗa a gida, Ilu bai san abin ya kai haka ba.

Abubuwan garin da suka ba ni mamaki ba su da yawa, amma akwai. Ofis a wurinsu biro ne, don haka da wani ya ce mini in same shi a biro sai na fara laluben aljihu. Da azahar gari yakan mutu, kowa ya rufe ya tafi gida, sai la'asar a dawo. Shayinsu na 'yan ƙananan kofuna ba a shan sa da sauri, in ka zauna ka zauna ke nan sai an yi zagaye uku. Mata kuwa suna tuƙa babur da kansu, da lulluɓinsu, ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su sai Kansilanmu. Shi yana cikin kwamitin da ya zagaya ya rufe gidajen giya a yankinmu lokacin da aka ƙaddamar da shari'a, kuma tun daga nan yake ganin gyaran duniya a wuyansa yake. Duk macen da ta wuce a babur sai ya ja tsaki.

Sai ga shi wadda ta shirya taron ma a babur ta zo. Madam Zuwaira ake ce mata, ita ce takwarata a can, shugabar masu tsaftar gari. Gajeriyar mace ce mai kaifin murya. Ba ta ɓata lokaci da jawabin godiya ba. Ta kira wani ma'aikacinta gaban zaure ta shirya shi a gabanmu: riga mai haɗe da wando, takalmin roba har gwiwa, safar hannu, sannan abin rufe fuska na baƙar roba mai gwangwani biyu a kumatu, wanda ta ce su ne ke tace iska. Mati yana bayan zaure riƙe da jakar Kansila, na ji ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ai takunkumin jaki ne."

Kada ku ɗauka aljanna na gani. Ita da bakinta ta ce kayan ba su ishe su ba, karɓa-karɓa suke yi, wani ya cire a wanke wani ya sa, kuma yawancinsu taimako aka ba su. Ta ce akwai lokacin da suka ƙare gaba ɗaya. Wani daga cikinmu ya tambaye ta to yaya suka yi a lokacin.

"Ba mu yi feshi ba," in ji ta. "Magajin gari ya kira ni biro ya yi faɗa, na ce ga famfo nan, in yana so ya shiga da kansa. Mu ma talakawa ne kamar ku, sai dai mun fi ku tsoro."

Daga nan aka ce kowace tawaga ta tashi ta faɗi abin da take yi wa ma'aikatanta. Na yunƙura zan tashi, Kansila ya dafa gwiwata. Ya miƙe ya gyara babbar riga, ya yi sallama mai tsawo, ya isar da gaisuwar Ciyaman. Sannan ya ce mu a wurinmu ba ma wasa da lafiyar ma'aikaci. Duk ranar feshi, kowane mai feshi yana da gwangwanin madara guda, babba ba ƙarami ba, kuma tun da ya zama kansila ba a taɓa fashi ba. Ya tsaya yana jiran tafi.

Wasu sun gyaɗa kai, don ashe ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba. Amma akwai wani dattijon likita a teburin gaba, mai farin gemu, wanda aka gayyato don ya yi bayanin guba. Ya jawo lasifika a hankali.

"Mushe Kansila, madara ina take zuwa in an sha?"

"Ciki mana."

"Feshi fa, in an shaƙa?"



"Huhu yake zuwa," in ji dattijon. "Wani kuma ta fata yake shiga. Hanyarsu ba ɗaya ba ce, ba sa ma haɗuwa balle ta wanke shi."

Abin da na shekara ina faɗa ke nan, kusan kalma da kalma, amma ban ji daɗin an gaskata ni ba ko kaɗan. Domin a bayan zaure na ji an ja kujera. Mati ne ya miƙe, jakar Kansila a hannunsa, ya ɗaga ɗaya hannun kamar ɗan makaranta.

"Ranka ya daɗe, ni mai feshi ne. Tun ina saurayi nake yi, kuma ban taɓa barin madarata ba, ko 'ya'yana ban taɓa kai wa ba, don an ce magani ce. To ni duk shekarun nan me na sha?"

Dattijon ya dube shi, ya saurari yadda numfashinsa ke fita.

"Madara ka sha, baba," in ji shi. "Gobe da safe ka same ni."

Da muka fito Kansila ya balbale ni da faɗa, wai na kawo lebura ya kunyata hukuma a ƙasar waje. Ya ce rai na Allah ne, cuta ƙaddara ce, mutum nawa suka yi feshi suka tsufa lafiya. Na yi shiru don ina tsoron abin da zai fito daga bakina. Amma a nan zan faɗa. Ni ma na yi murna ranar da aka ƙaddamar da shari'a, na yi kabbara har muryata ta dushe. Mun rufe gidajen giya saboda tana lalata jikin mutum da hankalinsa, kuma ba wanda ya ce a bar mashayi da ƙaddararsa. Mashayi da ƙafarsa yake zuwa. Mati kuwa mu muka goya masa famfo, muka tura shi ɗaki marar taga, muka ja ƙofa. Na zaci haƙƙin lebura zai zo a sahun gaba cikin abin da za a gyara. Har yau ban ji wanda ya ɗaga maganar ba, kuma abin yana ci mini rai.

Washegari na raka Mati. A bakin titi na tambayi wani mai kanti ina zan sami likita, ya nuna mini wani dogon gini. Na ce mutumin nake nema, mai farin gemu. Ya ce, "A'a, lokotoro kake nufi. Likita ai ginin ne." Muka shiga likita muka sami lokotoro. Aka ɗauki hoton ƙirjin Mati, dattijon ya ɗaga shi a taga ya daɗe yana dubawa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce abin da ya lalace ba zai dawo ba, zai ba shi abin da zai sauƙaƙa numfashi, kuma kada ya sake kusantar ko warin feshi. Mati ya ce alhamdu lillahi. Sai ya tambaya, wanda bai daɗe da farawa ba fa, shi yana da sauran dama? Dattijon ya ce ƙwarai kuwa, in dai ya rufe fuskarsa da abin kirki tun yanzu.

Ban san yadda labarin ya kai kunnen Madam Zuwaira ba. Muna ɗaura kaya a mota sai ga ta a babur, da leda a rataye. Ta wuce Kansila, ta wuce ni, ta miƙa wa Mati. Takunkumin ne, sabo, da gwangwanayen canji.

"Ba na hukumarku ba ne," ta ce masa. "Na ƙanenka ne. Ka ce ya riƙa wanke shi da sabulu, kuma in ya fara jin wari a ciki ya canza gwangwanin."

Mati ya yi ta jero mata addu'a har ta tayar da babur ta tafi.

Dawowa ba ta da labari. Kansila ya cika but da kilishi da turare da sabulun wanka na tsaraba. Jandarman nan na iyaka ya gane mu, ya sake matsa tukunyar gobara, ta yi aiki, ya ɗaga mana hannu. Mati bai yi barkwanci ko ɗaya ba a hanya. Ledar tana kan cinyarsa, hannu biyu a kanta, daga Damagaram har ƙofar sakatariyarmu.

A ƙofar ne Kansila ya juyo ya miƙa hannu.

"Kawo nan. Duk abin da aka ba tawaga sai an gabatar wa Ciyaman tukuna."

Mati ya ce, "Honarabul, ai cewa ta yi na Ilu ne."

"Wa ya ce ba nasa ba ne? Tsari ne. A nuna, a dawo masa da shi."

Na sa baki na ce ni shaida ne, kyauta ce ta mutum ɗaya. Ya ce da wace mota aka ɗauko ta, ta mutum ɗaya ko ta hukuma? Mati ya dube ni, ya dubi hannun da aka miƙa masa, ya saki ledar.

Ranar da muka ba da bayanin tafiya, ofishin Ciyaman ya cika. Ciyamanmu ba mugun mutum ba ne, wannan ma shi ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san da wa nake faɗa. Ya saurare ni har ƙarshe. Kansila ya fito da takunkumin, Ciyaman ya cire hula ya gwada, ofis ya kaure da dariya, mai hoto ya ɗauka. Na ce ranka ya daɗe, irin wannan muke bukata ga kowane mai feshi, kuma wannan ɗin na Ilu ne, feshin sito ya matso. Ma'aji ya ce a kasafin bana akwai gurbin madara, babu gurbin takunkumi, sai dai a duba baɗi. Ciyaman ya ce labarin Mati ya taɓa masa zuciya ƙwarai, ba zai yiwu a ce an je an dawo ba a yi komai ba. Nan take ya ba da umarni, daga yau kowane mai feshi gwangwani biyu.

Aka yi tafi. Na ce ranka ya daɗe, likitan cewa ya yi ba ta magani. Ya ce ai ba ta cutarwa, ko? Sannan ya sa aka buɗe kabad ɗin gilashi da ke bayan kujerarsa, inda kofunan ƙwallo da lambobin yabo suke, aka gyara wa takunkumin wuri a tsakiya. Ya ce kyautar ƙasar waje ce, duk baƙon da ya shigo ya ga irin zumuncin da ke tsakaninmu da maƙwabta. Ranar feshi in zo in karɓe shi aro.

Na je. Ana jibi feshi na je, aka ce Ciyaman ya tafi Katsina taro. Ana gobe na koma, aka ce daga can ya wuce Abuja, kuma makullin kabad yana cikin makullan motarsa. Na tsaya a gaban gilashin ina kallon abin, masinja yana kallona. Na yi tunanin fasa shi, ba zan ɓoye ba. Daga nan na wuce shagon Oga Obinna, mai kayan gyaran mota a bayan tasha, don na san yana sayar wa masu fentin mota abin rufe hanci. Ya ɗauko na takarda, ya ji abin da zan yi da shi, ya mayar.

"Malam, wannan na ƙura ne, ba na guba ba. Ba zan cuce ka ba. Mai gwangwani sai na aika Kano, ka ba ni mako biyu."

Na ce ya aika, ko da kuɗin aljihuna ne. Na koma sakatariya na ce a ɗaga feshin. Aka ce motocin hatsi suna hanya, ƙwari ba sa jiran kowa, kuma umarnin ba daga ofishina ya fito ba balle in janye shi. Na tuna da Madam Zuwaira da abin da ta faɗa wa magajin garinsu, na faɗi irinsa. Aka yi dariya, aka aika wa Ilu kai tsaye.

Da yamma na biya gidansu. Mati yana zaure, jingine da bango. Kafin in gama sallama ya ce, "An fito da shi?" Na ce tukuna. Ya juya fuska wajen ƙofa.

Da safe na riga kowa zuwa sito. Abin da na iya shi ne na hana a rufe ƙofa, na zauna a bakinta da kaina, mai sito yana ta ƙorafin ƙarfin maganin zai fita. Ilu ya zo da famfo a baya, ya naɗe hanci da baki da tsohon rawanin Mati. Mai sito ya miƙa masa gwangwani biyu, ya ce sabon tsari ne, ya gode wa Ciyaman. Na ce, "Ilu, kana iya cewa ba za ka shiga ba. Ni zan tsaya maka."

"Malam, in ban shiga ba wani za a ba famfon. Gida biyu nake ciyarwa."

Ya sa gwangwani ɗaya a aljihu, ya ce wannan na yara ne. Ya zaro ƙusa ya huda ɗayan, ya sassauta rawanin. Mai sito ya ce, "Kai, ai sai an fito ake sha, in ka sha yanzu me za ta wanke?"

Ilu ya ce, "Yaya ya gaya mini ba ta wanke komai. Ban karya kumallo ba ne."

Ya shanye, ya ajiye gwangwanin a gefen ƙafata, ya ja rawanin ya rufe hanci, ya shiga.